Sunan da Ke Kan Dutse

A bayan tsohon cocin da ke fuskantar teku, duwatsun kaburbura sun karkace kamar masu gyangyaɗi a wurin wa'azi. Tun da hukuma ta sa su cikin kayan tarihi, ba a kankare su, ba a goga musu alli, ba a ɗora takarda a kwafi rubutunsu. Haske kaɗai aka yarda ya taɓa su.

Shi ya sa Winnifred Tarbox ta ciro madubin ɗakinta da hantsi, ta miƙa wa jikarta Corinne, wadda cikinta ya tsufa. Corinne ta ƙudura sai ta sa wa 'yar da za ta haifa sunan kakar kakanninsu da ke kwance a nan. Sunan kuwa ya kwanta wa Winnifred, iska da gishiri sun lashe shi daga dutsen.

"Kaka, ke da kika girmi cocin nan, a ce kin manta?"

"Matsa can gefe, uwar surutu. Karkato madubin kaɗan. Kuma kada ki haihu a kan bayin Allah."

Corinne ta ja da baya har gindin katanga, ta tari rana. Hasken ya rarrafo bisa ciyawa, ya hau dutsen ta gefe, sai haruffa suka taso a hankali kamar fuskar da ke ɗagowa daga ƙarƙashin ruwa. Winnifred ta ji kamar duk na kwance sun yi shiru suna saurare.

Ta karanta a zuci: Keziah. Ta rasu tana da shekarun Corinne. A ƙasa akwai wani ɗan layi: tare da jaririyarta, rana ɗaya, kabari ɗaya.

"Ya fito? Hannuna ya gaji."

Tsohuwar ta dubi jikarta, haske yana rawa a kan cikinta. Ta san ba suna ne ke kashe mutum ba. Ta kuma san bakinta ba zai iya furta wannan sunan ba. Ta gusa, inuwarta ta rufe dutsen.

"Teku ya cinye shi. Ki sa mata nawa."

"Winnifred? Me jaririyar ta yi miki?"

"Ya kai ni tamanin, ko haƙori bai ɗauke min ba."

Corinne ta yi dariya, madubin ya girgiza. Hasken ya zame daga dutsen, ya tsallake katanga, ya tafi teku.