Ranar da Kwamfuta Ta Binne Gwaggo

"Sake bugawa," in ji Injiniya, tana leƙen kwamfutar ta saman kafaɗar akawun asibitin.

Akawu ya sake buga lambar katin. "Ranki ya daɗe, mai wannan katin ta rasu."

Gwaggo, yayar mahaifinta, tana zaune a kan benci, sanda tsakanin ƙafafu. Ta gyara mayafi ta ce, "Allah ya jiƙaina. Yaushe? Ba wanda ya gaya min."

Injiniya ba ta yi dariya ba. Wata bakwai suna jiran layi ya zo kansu a cire wa Gwaggo yanar ido, kuma ƙarfe goma likita yake rufe sunayen masu shiga tiyata. Saura minti ashirin.

Abin takaicin, aikin nata ne. Shekara guda ta yi tana haɗa bayanan asibitoci uku da aka mayar ƙarƙashin hukuma ɗaya, kowanne da yadda ya saba rubuta abinsa. Ta gina musu taswirar ma'anoni guda: wane ne majiyyaci, mece ce ziyara, me ke shiga ƙarƙashin me. Ranar ƙaddamarwa manya suka yi ta tafi, har da waɗanda suka yi gyangyaɗi.

Ta bi sawun katin a wayarta. Daga ƙaramin asibitin unguwarsu ya fito, da lamba tara, alamar rufaffen fayil. Ta kira tsohuwar da ke ajiyar fayil a can.

"Mama, wane fayil kuke sa wa tara?"

"Wanda ya shiga kabad ɗin baya."

"Na matattu?"

"Da matattu, da duk wanda ya shekara uku bai leƙo mu ba. Kabad ɗaya gare mu, 'yata. Ina za mu kai su?"

"Me ya hana ki faɗa tun lokacin?"

"Kin zo kin tambaya? Takarda kika aiko mai gurbi biyu, a buɗe ko a rufe."

A manyan asibitocin biyu mutuwa kaɗai ke rufe fayil, shi ya sa Injiniya ta ja layi daga tara zuwa rasuwa, ta wuce abinta. Wato duk wanda Allah ya ba lafiya a unguwar nan, ta yi masa jana'iza daga kan kujera.

Gyaran taswirar sai kwamiti ya zauna. Ita ta kafa wannan doka, don kada kowa ya sa mata hannu a aiki.

"Buɗe mata sabon kati," ta ce.

Akawu ya ɗago kai. "Ba ke kika ce duk wanda ya yi wa mutum ɗaya kati biyu, a bakin aikinsa ba?"

"Na ce. Buɗe."

Ya buɗe. Kwamfuta ta ga suna ɗaya, ranar haihuwa ɗaya, nan take ta haɗe sabon da tsohon. Gwaggo ta sake rasuwa.

"Kai, aikinki na da kyau," in ji akawu, kuma har zuciyarsa ya faɗa.

Saura minti huɗu. Injiniya ta ture shi gefe ta zauna a kujerarsa.

"Gwaggo, sai na canza miki shekarar haihuwa."

"Ƙari ko ragi?"

"Duk ɗaya ne."

"A wajenki. Rage min goma."

Injiniya ta rage. Kwamfuta ta karɓa ba musu, ta yi wa sabuwar majiyyaciya barka da zuwa.