Rabin Lambun Ndubuisi

Duk Ambursa ba wanda ke cire albasa sai Hodi ya taka masa lawashi. Idan ta kusa nuna sai a aika masa goro, ya zo ya tuɓe takalmi, ya bi fangali-fangali yana kwantar da ganyen da ƙafa, wai don ƙarfin ya koma ƙasa kan albasar ya cika. Kowa ma zai iya, amma an ce ƙafar Hodi daban ce, shi kuwa bai taɓa musawa ba. Da wannan ƙafar yake zama gaba a wurin suna, ba da wata dukiya ba.

A shekarar da gwamna ya zo daga Sakkwato buɗe famfon da bai taɓa kawo ruwa ba, Ndubuisi, mai shagon kayan babur a Birnin Kebbi, ya ari fili a fadama ya dasa albasa. Hausa a bakinsa kamar ruwa, amma noma ko oho. Hodi ya ji tausayinsa. Wata safiya, ba goro ba gayya, ya shiga lambun ya fara takawa don Allah.

Ya ci rabi ke nan Ndubuisi ya iso a kan babur. Ya ga tsoho yana rawa a kan wahalarsa ta wata uku, ya yar da babur ya yo kansa. Sai da mutum huɗu suka riƙe shi. Aka yi ta yi masa bayanin cewa alheri ne, ya ce ya gode, a bar masa sauran rabin ba alheri.

Hodi ya ji zafi ƙwarai. Ya gaya wa duk mai kunne cewa ranar cira a zo a ga yadda taurin kai ke ƙarewa.

Aka kuwa zo, har daga Gulma. Aka tara albasar takakken gefe, aka tara ta ɗayan. Wadda ba a taka ba ta fi girma, ba kuma ɗan fi ba. Kowa ya shiga juya albasa a hannu yana neman aibi. Wani ya ce ƙila gefen ya fi taki. Wani ya ce ba za ta yi ajiya ba, aka kai rumfa, ta yi. Ndubuisi kansa kunya ta kama shi, ya riƙa cewa sa'a ce kawai, abin da ya ƙara ɓata wa Hodi rai.

Da rani ya zagayo, lambun ya zama makaranta. Masu shekara arba'in a fadama suna tsugune suna tambayar mai sayar da fulogin babur me ya yi, shi kuma yana rantsuwa bai yi komai ba. Goro bai sake zuwa gidan Hodi ba.

Wata rana matarsa Laure ta kai masa fura nasa lambun, ta tarar ya taka fangali ɗaya tak, sauran lawashin na tsaye kore shar.

"Malam, mi ya hana ka ƙarasawa?"

Ya daɗe yana kakkaɓe ƙafa bai dube ta ba.

"Wanga na Baba na, shi yak koya min," in ji shi. "Sauran mu ka ci."