Kujerar Bakin Taga

A shagon ɗinkin nan akwai kujera ɗaya da ba a zama a kanta don gajiya. Tana bakin taga, da matashinta da wurin jingina, ga iska ga haske, alhali sauran mata a kan benci suke wuni ko a tsaye. Dokar shagon ce tun da daɗewa: duk wadda aka ga alamar ciki a jikinta, ba a tambayarta, ba a yi mata barka. Sai dai ta zo da safe ta tarar an kai mata gwangwanin maɓallai da allura bakin taga. Uwar Shago ce ta kafa dokar, tun lokacin da suka yi wa wata shewa da murna, cikin ya zo ya zube, matar ta kasa haɗa ido da kowa har ta bar aikin. Daga ranar aka kulle baki, aka bar wa kujera magana.

Mai Guga ta fi kowa sanin kujerar nan, don ita ke wanke rigar matashin ta goge duk sanda mai zama ta tafi haihuwa. Ta haura arba'in, ta daɗe a ɗakin miji, ba ta taɓa goyo ba. A farkon aurenta ta samu ciki har sau biyu, yana zubewa tun kafin kowa ya lura. Yaran da ta koya wa zura zare a allura sun zauna a kujerar a gabanta, sun tafi sun dawo da jarirai a baya, ita tana nan tsaye da dutsen guga. Ta daɗe da cire rai, ko dai haka take gaya wa kanta.

To, ran nan da safe ta shigo ta tarar da dutsen gugarta a hannun Rediyo, yarinyar da bakinta ba ya mutuwa sai an ɗauke wuta, ko an ɗauke ma sai ta ci gaba da batir. Yau kuwa Rediyo ta yi tsit, ta duƙufa kan rigar mutane kamar za ta ƙona ta. Gwangwanin maɓallai yana bakin taga. Mai Guga ta duba hagu ta duba dama, tana neman wadda aka ajiye wa. Kowa na kan aikinta, babu wadda ta rage sai ita.

Ta matsa kusa da Uwar Shago ta yi ƙasa da murya. “Anti, kamar an yi kuskure. Ni ce fa.”

“Mun san ke ce,” in ji Uwar Shago, ko ɗago kai ba ta yi daga keken ba. “Maɓallan rigunan 'yan makarantar nan ake jira.”

Ta je ta ɗosana a bakin kujerar kamar baƙuwa a falon mutane. Allura na hannunta amma ramin maɓalli ya ƙi ganuwa, sai lissafi take yi a zuci. Gaskiya ne al'adarta ta rikice: a da sai ta zo kamar an ɓalle famfo, kwanan nan kuma ta yi watanni ba ta leƙo ba, ita kuwa ta ɗora wa shekaru. Gaskiya ne tana jiri in ta daɗe a kan guga, tana kuma zaryar banɗaki. Sai ta tuna siket ɗinta mai ruwan ƙwai da ta ba Mai Almakashi, mai yi musu awo da yanka, ta buɗa mata. Nan ne ta yi sake. Mai Almakashi tana iya manta abin da ta ci da safe, amma ba ta manta ƙugun mutum. Abin da ya fi ɗaure mata kai shi ne, matan nan ba su taɓa kuskure ba. Akwai wadda suka zaunar tun ita kanta ba ta sani ba. To yaya za a yi su ga abu a jikinta, ita mai jikin ba ta gani ba?

Mijinta direban motar haya ne, kuma layin shagon hanyarsa ce. Kullum da rana in ya zo wucewa sai ya danna mata ham, ita kuma ta ɗaga dutsen guga daga bakin ƙofa. Ran nan ya duba ƙofa ya ga Rediyo, ya duba taga ya ga fuskar matarsa. Bai danna ham ba. Motar ce dai ta kusa hawa kan mai sayar da lemo, fasinjoji suka yi ta salati. Mutumin da ya yi shekaru yana jin labarin kujerar nan a bakin matarsa ba ya bukatar fassara.

Da ta koma gida da yamma ta tarar ya cika duk wani mazubi da ruwa, ya share ɗaki, har ya ɗora tukunya, abin da rabonsa da yi tun yana gwauro. Ta sunkuya za ta ɗauki bokiti, ya yi wuf ya riga ta. Ta so ƙwarai ya tambaye ta, don ta samu ta ce masa ita ma ba ta sani ba. Bai tambaya ba. Shi ma ya bi dokar shagon da ba nasa ba, sai kallonta yake yi a sace yana murmushi da cokali a hannu.

Haka ta yi kwanaki a kujerar, kuma a faɗi gaskiya, daɗi ta ji. Mai Almakashi ta kan ajiye mata ruwan sanyi ba magana. In ta miƙe sai a janye benci daga hanyarta. Da safe ta farka ta tabbata ciki ne, kafin azahar ta tabbata ba shi ba ne, da la'asar wani abu ya ɗan juya a mararta, ta riƙe numfashi tana jira ya sake. Tsoron asibiti take yi, don muddin ba ta je ba, ɗan yana nan. Ƙananan maɓallai farare ma sai raguwa suke a gwangwanin, ta ce ko idonta ne ya fara tafiya shi ma.

Ranar da ta gaji da zama tsakanin e da a'a, ta ce wa Uwar Shago gobe za ta je unguwa. Uwar Shago ta ce Allah ya kiyaye, ta tafi da ruwa, don unguwar nan layi gare ta.

Layi kuwa ta tarar. Ta zauna cikin yara masu ciki, kowace da turtsetsen abinta a gaba. Wata ta matsa mata wuri cikin ladabi, ta tambaye ta ko 'yarta ta rako. Mai Guga ta ce e, sannan ta ce a'a, yarinyar ta bar ta da amsoshinta biyu. Da aka kira ta, nas ta gwada jininta, ta ja fatar idonta ta duba, ta tambayi shekarunta da rabonta da al'ada.

“Kin yi gwaji a gida ne? Wa ya ce miki ciki ne?”

Mai Guga ta buɗe baki za ta kawo suna, ta rasa. Uwar Shago ba ta faɗa ba. Mijinta bai faɗa ba. Ita kanta ba ta taɓa furta kalmar ba.

“Kujera aka ba ni,” ta ce.

Nas ta dube ta, sannan ta miƙo mata 'yar roba ta nuna mata banɗaki.

Gwajin fitsari bai nuna komai ba, amma da nas ta taɓa mararta sai ta tura ta ɗakin hoto. Likitar mace ce mai sanyin murya. Ta shafa mata wani abu mai sanyi a ciki, ta juyo mata da allon na'urar. Can cikin duhu-duhun akwai wani abu zagayayye. Mai Guga ta nuna da yatsa ta ce wannan ba kan jariri ba ne? Likita ta ce ba kai ba ne, ƙari ne a mahaifa. Ta ce mata da yawa suna da shi, yawanci ba mugu ba ne, amma nata ya girma. Shi ya jawo zubar jinin da ta sha a baya har jininta ya yi ƙasa, shi ke danne mata mafitsara, ɗaukewar al'adar kuma shekaru ne suka fara aikinsu. Za a ba ta magani jini ya dawo, sannan a yi mata aiki. Batun haihuwa bayan aikin kuwa, likita ta ce ta zo da maigidanta su zauna.

Mai Guga tana ji, kanta bai ɗauka ba. Ta tambaya ko yana girma, aka ce yana girma. Ta tambaya ko yana motsi, likita ta girgiza kai a hankali. Sai ta yi godiya, ta gyara siket ɗinta mai ruwan ƙwai, ta fito.

Gida ya yi mata nauyi, sai ta nufi shago. Duk hanya tana neman yadda ake janye maganar da ba wanda ya yi. Ba ta samo ba har ta iso. Ta wuce kujerar ko kallonta ba ta yi ba, ta je ta kama dutsen guga a hannun Rediyo. Rediyo ta ƙi saki. Suka tsaya riƙe da shi su biyu, tururi na tashi a tsakaninsu. Uwar Shago ta ce ta koma wurinta, maɓallai na jira.

“Anti, babu kowa a ciki,” Mai Guga ta ce, muryarta ta fita fiye da yadda ta so. “Ƙari ne. Aiki za a yi mini.”

Kekuna suka tsaya ɗaya bayan ɗaya. Uwar Shago ta cire tabarau ta goge da bakin mayafinta, ta daɗe tana gogewa.

“To wa ya ce akwai kowa?” ta ce. “Jiri na ga kina yi a kan wuta, idonki ya yi fari fat. Jira zan yi ki faɗa kan rigar mutane? Wuce ki zauna. Ranar aikin kuma ni zan kwana da ke.”

Sauran suka hau cewa wallahi haka ne, su ma jirin suka gani, Rediyo ta fi kowa rantsuwa. Mai Guga ta saki dutsen. Kunya ta rufe ta. Ashe ita kaɗai ta gina abin nan a kanta, ta jawo bawan Allah ya shiga share ɗaki? Ta koma kujerar ba ta san ko ta gode ba ko ta ba da haƙuri. Ta sunkuya za ta ɗauki gwangwani a ƙasa, sai ta hango ƙafar Mai Almakashi a ƙarƙashin teburin yanka, tana tura wata leda can ciki a hankali, a hankali. Ledar ba ta ɗauru da kyau ba. Hannun wata 'yar riga ya leƙo, bai fi tsawon yatsa ba, da ƙaramin farin maɓalli a bakinsa.

Ta ɗago ta jingina. Kekuna suka ci gaba da ƙara, fiye ma da ɗazu. Ba a jima ba ta ji ham a titi. Motar ta rage gudu daidai taga, mijinta ya leƙo da kai, haƙoransa duk a waje, yana nuna mata ledar lemo da ya rataye a madubi. Mai Guga ta ɗaga masa hannu da allurar a tsakanin yatsunta, ta riƙe shi a sama har motar ta sha kwana.