Galan Ɗaya da Kwamfutar Malam Irmiya

Ya'u bai gama jingine kekensa ba Philomena, matar maƙwabcinsa Malam Irmiya, ta hango galan ɗin da ke ɗaure a baya. Ta saki tsintsiyar hannunta, ta ɗaga hannuwa sama.

"Na gode Yesu! Malam Ya'u, fetur ne? A ina ka samo?"

"Wajen 'yan bumburutu, can bakin hanyar Makarfi. Shi kaɗai ya rage musu," in ji shi, bai yarda sun haɗa ido ba. "Ina wuni, Maman Lucia? Yaya mai jiki?"

"Jiki ga shi nan. Tun asuba a zaune yake, in ya kwanta numfashi ya ƙi. Amma yanzu hanya ta samu. Bobbo direba ya ce akwai ɗan saura a tankinsa, in aka ƙara galan ɗaya zai kai mu asibiti Zariya. Allah ya saka maka, Allah ya raya maka zuri'a."

Ya'u ya ce amin. Gaskiyar magana, ba don mota ya sayo man nan ba. Don janareta ya sayo shi, kuma bai san da wane baki zai faɗa wa matar nan haka ba.

Shekara goma sha bakwai katanga ɗaya ta raba gidansa da na Malam Irmiya a Ikara. Ya'u manomi ne, dillalin barkono, kullum yana kan keke tsakanin ƙauyuka. Irmiya kuwa mutumin kudancin Kaduna ne, tsohon akawun wata ma'aikatar noma. Da tsuke bakin aljihu ya zo aka rage ma'aikata, wasu suka sayi awaki, wasu suka sayi injin niƙa. Shi kuwa bawan Allah sai ya je gwanjon kayan ofis ya dawo da kwamfuta a ka. Matan unguwa suka raɗa mata suna talabijin mara hoto, domin babu abin da take nunawa sai koren rubutu.

Duk wanda ya yi kuskuren tambayarsa amfaninta, to ranar ya rasa la'asar a jam'i. "Ita ƙarfe ce kawai, ba ta fi jaki wayo ba," haka yake cewa. "Firogiram ɗin da ka rubuta mata shi ne hankalinta. Ni ba na amfani da firogiram ɗin da ba zan iya buɗe cikinsa in karanta ba. Kai ka taɓa sayen buhun barkono a ɗinke, ba ka zura hannu ba?" Daga nan sai ya gangaro kan siyasa. A ganinsa ba a rumfar zaɓe ake sata ba, a kan hanya ake yi, tsakanin rumfa da babban ofis. Da kowane gari yana da na'ura ɗaya da mutum ɗaya mai gaskiya, da ɓarawon ƙuri'a ya nemi wata sana'a.

Ana dariya ana wucewa, har zaɓen shugaban ƙasa na watan Yuni ya zo. Irmiya ya roƙi mutum goma sha ɗaya, kowa ya tsaya a wasu rumfuna, in an shelanta sakamako ya rubuta ya kawo masa. Akwai Sada, malamin makaranta a Gazara. Akwai Ummuhani ungozoma a Kudan. Ya'u ya ɗauki Nasarawan Doya, don dama ranar yana da barkonon dubawa a can. Shi a wasa ya ɗauki abin. Har daɗi ya ji da Irmiya ya nuna masa sunansa cikin koren rubutu, da unguwarsu, da lambobin da ya kawo.

"Me ya sa sai da suna?" ya tambaya a lokacin.

"Lambar da ba ta da shaida jita-jita ce, maƙwabci."

Sai soja suka soke zaɓen. Rediyo ta yi ta kashedi kan masu yaɗa sakamako, aka fara jin an ɗauke wane a Kaduna, an ɗauke wane a Zariya, babu wanda ya san inda aka kai su. Ranar Alhamis da ta wuce wasu mutum biyu suka zo cikin farar fijo. Ba su sa kaki ba, sun yi sallama kamar kowa, sun ma yi wa Irmiya sannu da jiki. Suka ce a kunna musu na'urar. Allah ya sa kwana tara ke nan babu wutar lantarki a garin, janaretan Irmiya kuma babu ko ɗigon mai. Ɗayan ya juya na'urar ya kwafe lambar da ke bayanta a ɗan littafi. Ya ce Litinin za su zo su tafi da ita, kuma suna fatan su same ta yadda suka bar ta.

Tun daga ranar Ya'u bai sake samun natsuwa ba, don sunansa na cikin na'urar. Ko babur ya tsaya a ƙofar gida sai gabansa ya yanke ya faɗi. Ya ce a jefa na'urar rijiya, Irmiya ya ce in suka zo babu na'ura, Philomena za su ɗauka a madadinta. Dole a same ta lafiya lau, amma cikinta wayam. Kuma duk faɗin Ikara babu wanda ya san yadda ake yin haka sai mutumin nan da ƙafafunsa suka kumbura, zuciyarsa na neman gazawa. Yau ga shi Lahadi.

Ya'u ya bi Philomena zuwa ɗakin, galan a hannu. Irmiya na jingine da matasai uku a kan gado, leɓɓansa sun yi toka-toka. Gefe guda ga tebur, ga kwamfutar an rufe ta da tsohon zane. Irmiya ya dubi galan ɗin, ya dubi fuskar Ya'u, ya daɗe yana dubanta.

"Maƙwabci," ya ce a hankali, "wannan man na Bobbo ne, ko na janareta?"

"Wace irin tambaya ce wannan, Baban Lucia?" in ji Philomena. "Na mota ne mana."

Ya'u ya so ya ce na mota ne. Wallahi ya so. Amma sai ya tuna farar fijon nan, ya tuna matarsa Kulu da 'ya'ya shida.

"Duk yadda kuka ce," ya ce, idonsa a ƙasa.

Philomena ta juyo ta dube shi. Ba ta yi tsawa ba, da ta yi ma da ya fi masa sauƙi. "Au," kawai ta ce.

"Maman Lucia, zauna," in ji Irmiya. "Zariya ta gan ni sau uku. Me suka ce a na ƙarshe? Kin ji da kunnenki."

"Likita ba Allah ba ne! A raba man biyu, to."

"Rabi ba zai kai mota ko Kudan ba. Janaretan nan kuma tsoho ne, zuƙa yake kamar rairayi." Ya tsaya ya nemi numfashi. "Ni na sa mutanen nan a ciki. Ba su roƙe ni ba. Ummuhani goyo take. In na tafi Zariya yau, gobe su wa za a ɗauka?"

"Ni fa? Ni wa ka bar mini?"

Ya miƙa hannu, ta ƙi kamawa, ta koma bakin gado ta zauna ta juya musu baya, kafaɗunta na rawa.

Ya'u ya fita tsakar gida ya ɗura man, har ya zubar da kaɗan a ƙasa. Sai a ja na biyar janaretan ya tashi. Ƙararsa ta cika unguwa, kaji suka watse. Ya'u ya ji kamar duk garin an leƙo ana kallonsa, ya ruga ya saka wa ƙofar zaure sakata.

Da kyar suka ɗaga Irmiya zuwa kujera. Ya yaye zanen, ya kunna, koren rubutu ya fito. Nan take fuskarsa ta ɗan washe, kamar wanda ya ga ɗansa ya dawo daga tafiya. Sai dai yatsunsa sun kumbura, in ya nufi harafi ɗaya sai ya danna biyu.

"Kai za ka yi," ya ce wa Ya'u. "Ai ka yi yaƙi da jahilci, ka san haruffa. Ni in faɗa, kai ka danna."

"Malam Irmiya, in na ɓata fa?"

"Ba ta cizo. Abin da ka ce mata shi take yi, ba ƙari ba ragi. Da haka masu mulki suke, da mun huta."

Ya'u ya durƙusa gaban tebur yana farautar haruffa da yatsa ɗaya, gumi na ɗiga daga haɓarsa. Sunayen suka jero, nasa na huɗu. Irmiya ya faɗa, ya danna, suka ɓace. Ya'u ya sauke ajiyar zuciya zai miƙe.

"Ina za ka? Ba a yi komai ba tukuna. Alamar buhu kawai muka goge, hatsin na ciki. Wanda ya san aiki zai tono su cikin minti goma. Sai mun cika gurbin da sifiri, kaf, daga farko har ƙarshe."

"Har da lambobin?"

Wata biyu Irmiya ya yi yana rubuta firogiram ɗin nan, yana gyarawa, yana gwadawa da ƙididdigar buhunan masara. "Har da su," ya ce. "Har da firogiram ɗin."

Layi tara ya faɗa, harafi bayan harafi, yana hutawa tsakani. Sau biyu Ya'u ya yi kuskure aka sake. A layi na bakwai murya ta ɗauke masa, kansa ya langaɓe, idanunsa suka rufe. Tsoro ya turnuƙe Ya'u, irin wanda bai taɓa ji ba tun da uwarsa ta haife shi. Ya kama kafaɗar mutumin ya girgiza.

"Malam Irmiya! Saura biyu! Don Allah, saura biyu!"

Sai da maganar ta fita ya ji abin da ya faɗa. Philomena ta taso ta ture hannunsa, ta tallafi kan mijinta ta shafa masa ruwa a fuska. Irmiya ya buɗe ido, ya faɗi sauran layi biyun kamar mai karatu a mafarki. Ya'u ya danna na ƙarshe. Sifirai suka fara zubowa, layi bayan layi.

"Zai ɗauki kamar awa biyu. Kada a kashe," in ji Irmiya. Ya kalli allon na ɗan lokaci. "Maƙwabci, rumfar makaranta a Nasarawan Doya, nawa da nawa ne ma?"

Ya'u ya sani sarai, har yau lambobin na kansa. Ya dubi taga, ya dubi ƙofa. "Na manta," ya ce.

Irmiya ya yi ɗan murmushi. "Ka kyauta. Haka za ka ce musu."

Suka mayar da shi gado. Hadari ya haɗo daga gabas, ɗakin ya yi duhu-duhu ban da koren hasken nan. Bayan la'asar Bobbo ya zo ya yi ta buga ƙofa yana tambaya ko an samu man, Philomena ta ɗaga murya daga ciki ta ce ya je abinsa. Daga nan ta riƙe hannun mijinta tana rera waƙar coci ƙasa-ƙasa. Ya'u na tsugune tsakanin gado da tebur, kunne ɗaya na sauraren numfashin Irmiya, ɗaya na sauraren janareta, yana roƙon Allah kada ya tsaya. Ko shi bai iya rantsewa wanne yake nufi ba.

Sifiran suka ƙare ana kiran sallar magariba. Ya'u ya juyo don ya faɗa wa Irmiya an gama, sai ya ga Philomena ta daina waƙar, tana rufe masa idanu da tafin hannunta. Abin da ya fara sauka a ƙirjin Ya'u sanyi ne, sanyin wanda aka sauke wa kaya. Kukan sai daga baya ya zo.

Litinin da hantsi farar fijo ta iso, ta tarar da benci da tabarmi a ƙofar gida, 'yan coci da 'yan masallaci a zazzaune. Mutanen biyu suka yi ta'aziyya yadda ya kamata, sannan suka ce sun zo ɗaukar saƙo. Ya'u ne ya taya su kinkimar na'urar zuwa but ɗin motar. Babu wanda ya tambayi sunansa.

Da motar ta ɓace ya shiga yi wa Philomena gaisuwa, don tun jiya bai iya tsayawa gabanta ba. Tana zaune a tabarma cikin mata, ta yafa baƙin mayafi. Ya durƙusa daga bakin ƙofa.

"Maman Lucia, sannu da haƙuri. Allah ya ba ki dangana."

"Na gode, Malam Ya'u." Ta ɗago ta dube shi, idanunta jawur, muryarta ba faɗa a ciki. "Ka samu barci jiya?"

Ya samu. Tun da ya kwanta bai motsa ba sai da rana ta fito, ko kiran asuba bai ji ba. Ta jira kaɗan, sannan ta gyaɗa kai ta juya wajen matar da ta shigo bayansa.

Ya'u ya zauna nan a durƙushe, babu wanda ya ce ya tashi. A kan teburin, inda na'urar ta yi shekara biyar, katakon wurin ya fi sauran teburin haske, wata mata ta zo ta ɗora kwanon kunu a wurin.