Gurbin Yatsa

Iyatu ta danna babban yatsanta a ƙaurin Haulatu, ta ɗaga. Gurbin ya zauna nan bai ciko ba, sai ka ce ta danna tuwon da ya kwana. Ta tsura masa ido tana jiran nama ya koma yadda yake, har tukunyar wanka ta tafasa ta fara zuba a murhu.

"Inna, ki bar mani wankan yau," in ji Haulatu. Da ƙyar maganar ta fito, guntu-guntu. "Ƙirjina ya yi nauyi."

"Sanyi ne, ɗiyata. Tashi mu kore shi."

Sanyi! A tsakiyar bazara, lokacin da kaji ke buɗe baki suna haki a gindin rumbu. Amma wa zai ja da Iyatu a kan jego? Kaf Mawashi, har ƙauyukan da ke kewayen Kusada, in mace ta haihu ita ake aika wa. Tafin hannunta ya daɗe da daina jin zafin ruwa. Ta san aikin ciki da waje: wanka safe da yamma da tafasasshen ruwa da ganyen runhu, garwashi a ƙarƙashin gadon ƙasa, sannan kunun kanwa mai kauri, ƙwarya uku a yini, har kwana arba'in. Haka aka yi mata, haka aka yi wa uwarta. Yayarta ta mutu a jego da kumburi, manya suka ce kanwa ce ba ta ishe ta ba. Tun ranar Iyatu ta ƙudura ba za a taɓa faɗin haka a kan wadda ta bi ta hannunta ba, balle Haulatu, 'ya ɗaya da Allah Ya bar mata cikin bakwai, wadda ta zo gida haihuwar fari.

Yau kwana ashirin da biyu da haihuwa. Kullum Iyatu ƙara kanwa take, kullum ƙafa ƙara hawa take. Kumburin ya kai cinya, munduwa ta nutse a hannu, kuma Haulatu ba ta iya kwanciya sai a jingine. Tsoro ya kama Iyatu, irin wanda ba ta taɓa ji a ɗakin kowa ba.

* * *

Mai jego ba ta taka waje kafin arba'in, don haka Iyatu ce ta tafi. Mijinta Kabo ya ɗora ta a jaki ranar kasuwar Kankiya, suka nufi ɗakin shan magani na hukumar En'e. Mai ba da magani a wurin, Malam Nata'ala, siririn mutum ne mai gajeren wando, wanda aka ce Turawa suka koyar a Zariya. Iyatu na ganin wandon ta raina shi.

"Maganin kumburi na zo amsa, na mai jego."

Bai miƙa hannu ga kwalabensa ba, sai tambaya. Kwana nawa da haihuwa? In an danna, gurbi na zama? Tana iya kwanciya rigingine? Daga ƙarshe ya ce, "Kunun kanwa fa, Iya?"

"Ƙwarya uku. Ungurnu ce, mai kyau."

Ya ce, "Ita ce ta biyar da aka kawo mani labarinta bazarar ga."

Ya ce su jira. Ya fita wajen mahauta, ya dawo da mafitsarar akuya. Ya wanke ta, ya jiƙa kanwa, ya zuba ruwan a ciki har rabi, ya ɗaure bakin da zare tamau.

"A makaranta an nuna mana naman jiki cikin wani madubi mai girmama abu," in ji shi. "Ashe 'yan ɗakuna ne ƙanana, ido bai ganinsu, kowane da tantanin da ya lulluɓe shi, kamar wanga. Tantanin shi ne mai tsaron ƙofa. Ruwa shina ratsa shi yadda ya so, amma gishiri da kanwa ba su wucewa sai da izini. To, shi ruwa, inda kanwa ta taru can yake bi. In ta cika jini, sai ta jawo ruwan ɗakunan waje. Su kuma su aika saƙo, mutum ya ji ƙishirwa ya sha, jiki ya riƙe ruwan ya hana shi fita. Ba ta yawan neman ruwa?"

Iyatu ta tuna randar ɗakin Haulatu, wadda ke ƙarewa kafin azahar. Shi kuwa ya ci gaba.

"Duk ruwan nan zuciya ke tura shi. Zuciyar da ta yi ɗawainiyar ciki wata tara, ga kuma wuta ƙarƙashinta. Ta gaji, Iya."

"Kai yaro, da kanwar ga aka yi jegon uwarka."

"Da ita aka yi, ta kuma tsira. Da yawa suna tsira. Wadda zuciyarta ta gaza ita ka tahiya, sai a ce sanyi ne. Ki tsai da kanwa, ki kashe wutar gado, ki sirka ruwan wanka. In da hali a kawo ta, in sa ta motar da ke zuwa asibitin Katsina."

"Kafin arba'in?" in ji Kabo. "Dangin mijinta ba su yarda."

Malam Nata'ala ya naɗe mafitsarar a ganye ya miƙa wa Iyatu. "Kada ki ɗauki maganata. Ki saka wagga cikin ruwan rijiya, gobe ki duba da idonki."

* * *

Ta so ta jefar a hanya, kunyar Kabo ta hana ta. Da suka isa gida ta cusa ta cikin wata tsohuwar tukunya a bayan rumbu, ta kwara mata ruwa, tana tsaki.

Washegari da hantsi ta leƙa. Abin da ta bari jiya a yamutse, rabi-rabi, ya cika ya yi tim, yana sheƙi. Ta duba zaren, yana nan a ɗaure yadda mai gajeren wando ya ɗaure shi. Ta juya ta ko'ina, babu huda. Ruwa dai ya shiga, ba ta ƙofa ba, ya bi kanwa har inda take. Iyatu ta zauna daɓas a ƙasa. Fuskokin mata suka riƙa zuwar mata ɗaya bayan ɗaya, waɗanda suka kumbura a hannunta, tana ƙara musu kanwa, tana yi musu faɗa su shanye.

Ranar ta dama kunu ba kanwa, ta kwashe garwashin gado. Kwana huɗu haka, a ɓoye, kamar mai sata. Ran na huɗu munduwa ta fara motsi a hannun Haulatu. Ta zauna da kanta ta ba jaririyarta nono, har ta yi dariya da yarinyar ta yi atishawa. Iyatu ta shiga ɗakin girki ta yi kukan daɗi.

Ran na biyar Inno ta iso daga ƙauyen Boko, uwar mijin Haulatu, da mata uku a bayanta da curin ungurnu a kai. Inno ba muguwa ba ce. A ƙafa ta tako cikin wannan rana saboda surukar da take so kamar ita ta haife ta. Ta taɓa gado ta ji shi da sanyi. Ta ɗauki ƙwaryar kunu ta kurɓa, ta dubi Iyatu.

"Iyatu, mi nike ji haka? Kunu lami?"

Iyatu ta yi ƙoƙari, wallahi ta yi. Ta faɗi zancen 'yan ɗakuna da tantani da ruwan da ke bin kanwa. Amma maganar da ta fito sarai a bakin Malam Nata'ala, a bakinta sai ta harɗe. Ta ce akwai wata mafitsarar akuya. Matan suka dubi juna, ɗaya ta rufe baki da gefen mayafi.

"Mafitsarar akuya za ta koya maki jego? Ke?" Muryar Inno ta karye, hawaye suka zubo mata. "Dubi ƙafar yarinyar ga. Sanyi ya ci rabinta, kin kashe mata wuta, kin hana ta kanwa, don wani yaron Nasara ya ce. In ta mutu, mi za ki ce ma ɗana? Mi za ki ce ma Allah? Kin manta yayarki?"

Ba ta manta ba. Nan ne maganar ta soke ta. In fa yaron ne ya yi kuskure? Akuya daban, mutum daban. In Haulatu ta tafi da kanwa a cikinta, za a ce kwana ya ƙare. In ta tafi babu, har Iyatu ta shiga kabari za a riƙa nuna ta, ga wadda ta kashe 'yarta da kunu lami.

"Inna," in ji Haulatu a hankali, idonta a ƙasa don kunyar uwar miji, "ki ba ni in sha. Kada a ce na ƙi."

Da hannunta Iyatu ta fasa curin. Da hannunta ta daka, ta jiƙa, ta tace, ta dama. Ta gani da idonta a bayan rumbu, ta sani, amma ta dama. Inno ta zauna kwana bakwai tana hura wutar gado, tana addu'a, tana yaba kaurin kunun.

* * *

Ran kwana talatin da huɗu, rana na tsaka, Haulatu ta fara tari, farin kumfa na fitowa. Kabo ya ce ko dangin miji sun yarda ko ba su yarda ba, zai nemo mota. Ya kama hanyar Kankiya da gudu, tsoho da shi. Bai kai rabi ba aka bi shi aka ce ya dawo.

Iyatu na cikin waɗanda suka yi mata wanka. Da ta ɗaga ƙafar don ta cuɗa, yatsunta suka bar gurbi huɗu a jere. Har aka naɗe likkafani ba su ciko ba.

Masu gaisuwa suka cika gida, kowa na faɗin abu guda. Sanyin bana mugu ne. Iyatu ta yi iyakar ƙoƙarinta, kanwa kam yarinya ta sha, ba wanda zai ce an gaza. Ga shi ta sami shaidar da ta nema. Kowace kalma sai ta ji kamar ana ɗiga mata tafasasshen ruwa, ita da ta daɗe ba ta jin zafinsa.

Bayan addu'ar bakwai, maƙwabciyarta Kubura ta shigo da safe, tana ta kame-kame. 'Yarta Fadimatu ta sauka jiya. Ba ta ce Iyatu ta zo aiki cikin wannan hali ba, amma in akwai ragowar ungurnun nan ta Boko, a taimaka.

"Zauna, Kubura," in ji Iyatu. Wannan karon maganar ba ta harɗe ba. Ta faɗa mata duka, tantanin da ruwan da zuciyar da ta gaji, da kwana huɗun da munduwa ta yi motsi. "Ni na kashe ta, Kubura. Kada ki ba Fadimatu."

Kubura ta saurara har ƙarshe, idonta ya cika da tausayi. Ta dafa mata kafaɗa.

"Allah Ya ba ki haƙuri, Iyatu. Rashin ɗiya ba ƙaramin abu ba ne, shina taɓa mutum. Ki riƙa samun barci."

Ta tashi ta fita.

Iyatu ta goya jaririyar, ta ɗauki ragowar curin ta kai bayan gari, ta ajiye wa shanun Fulani su lasa. Da ta dawo ta zauna a bakin ɗaki tana ɗura wa yarinyar nonon akuya da ɗan ludayi. Ta kan danga hayaƙin tukunyar wanka ya taso daga gidan Kubura, da ƙamshin runhu. Can sai ta ji turmi. Ba dakan gero ba ne, ta san sautin, shekara talatin tana yin sa. Sun samo kanwar a wani wurin.