Tamanin da Bakwai, Arba'in da Biyu

Ni kafinta ne, kuma tun ina koyon aiki ba na rubuta awo. A ka nake riƙewa. In an faɗa mini, sai in yi ta maimaitawa a baki har in yanka katakon. Shekara ashirin ban taɓa ɓata katako ba, har taƙama nake da abin.

Wata safiya matata za ta je a cire mata haƙori, sai ta ɗora mini kai 'yarmu Auta gidan kakarta. Auta shekararta ɗaya da rabi. Kullum uwarta ke kai ta. Ni sau biyu na taɓa yi.

"Baban Auta, a gidan mai za ka karya kwana fa," ta ce, kuncinta a kumbure. "Kada ka zarce."

"Yau na fara tuƙi? Ki ji da haƙorinki."

Na kwantar da yarinyar a kujerar baya. Kafin mu hau titi barci ya ɗauke ta. Sai waya ta yi ƙara, mai gidan da nake yi wa tagogi ne.

"Babbar tamanin da bakwai ce da arba'in da biyu. Ƙaramar sittin da ɗaya da talatin da tara. Ka rubuta?"

"Ya zauna," na ce.

Na kama maimaitawa. Tamanin da bakwai, arba'in da biyu. Wani mai babur ya gitta, na taka birki, lambobin suka nemi zubewa, na tattaro su. Na ga gidan man da idona. Na ga jar rumfarsa. Hannuna bai juya sitiyari ba, ya bi hanyar da ya saba.

Na ajiye motar a bayan shago, inda babu inuwa. Dogo, abokin aikina, ya gaishe ni, na ɗaga masa hannu.

"To, an shigo da karatu," ya ce. "Kada kowa ya yi tari, kan Malam cike yake."

Na auna, na ja layi, na kunna injin zarto. Rana ta fara dukan kwanon rufi. Can cikin ƙarar injin sai na ji wani siririn sauti yana hawa yana sauka. Kunnena ya ce kuka ne. Kaina ya ce Auta na wurin kakarta, har ya nuna mini hoton: tsohuwar a bakin ƙofa tana miƙo hannu, sanye da koren mayafi. Hoton ya fito tas. Ban san na watan jiya ba ne.

"Dogo, injin nan na neman mai."

"Jiya na zuba masa. Kunnenka ne ke neman mai."

Na buɗe jakar kayan aiki zan ɗauko tef ɗin awo, sai ga kwalbar madararta a kan guduma. Na riƙe ta. Na ce a raina, kash, na manta ban bar wa tsohuwa ba. Na ajiye ta a kan benci na koma aiki, don saura sittin da ɗaya, talatin da tara.

Da na yanka na ƙarshe, na saki lambobin. Kaina ya zama fayau. Na kashe injin.

Babu ƙarar zarto. Babu siririn sautin kuma. Shirun nan ne ya farkar da ni. Na kalli kwalbar. Na nemi muryar tsohuwar ta safiyar yau, me ta ce da ni? Babu komai a wurin.

Ban san da me na yi karo ba a guje. Marfin motar ya ƙona mini tafin hannu. Tana kwance, fuskarta jajir, gashinta a jiƙe, ba ta motsi. Gilashin baya, wanda wata shida nake tsine masa don ba ya rufuwa duka, yana buɗe faɗin yatsa uku.

Dogo ne ya tuƙa. Ina shafa mata ruwa ina kiran sunanta. A ƙofar asibiti ta buɗe ido ta yi ɗan kuka, muryar a dishe.

Likitar ta ce da an ƙara minti goma, da wani zance ake. Matata ba ta yi mini faɗa ba. Ta dai karɓi makullin motar daga hannuna.

Yanzu fensir na bayan kunnena, ina rubuta kowane awo. Amma har yau, in zarto na ƙara, nakan kashe shi in fita in leƙa kujerar baya, ko da na san Auta na makaranta.