Kwana Goman Likita Lidiya

A shekarun da kuɗin mai suka cika ƙasa, kowa ya koma ɗan kwangila, aka turo Lidiya 'yar Tanimu wani ƙaramin asibiti a ƙasar Ƙanƙara. Ta gama karatun likita a Zariya, saura shekara guda ta koyon aiki a ƙarƙashin babban likita, sannan ya sa mata hannu a takarda ta ci gashin kanta. 'Yar Mabai ce, kuma ranar da aka ji an kawo ta kusa da gida, har akuya ubanta ya yanka.

Babban likitan, Likita Maharazu, gwani ne a tiyata, wannan ba mai musu. Sai dai ya samu kwangilar rufin makarantun firamare, ya tare a Kaduna. Sau biyu a wata yake leƙowa cikin sabuwar Fijo, ya zaga ɗakin majinyata kamar ana korarsa, ya tafi.

Aiki ya dawo kan Lidiya ita kaɗai. Laraba motar asibiti ta kai ta ɗakin shan magani na Faskari, Alhamis Sabuwa, ta dawo ta iske layi har bakin ƙofa. Lahadi ma ba ta samun zuwa sujada. Wata takwas ba ta taka gidan ubanta ba. Abin da ya fi gajiyar cin rai, babu wanda za ta tambaya. In cuta ta gagare ta sai ta buɗe littafi, in littafi ya yi shiru ta yi ta maza ta yanke hukunci, ta wuni da zullumi.

A hankali ta sauya. Ita da take tambayar kowa ƙauyensu da yadda damina ta yi, ta koma ko kai ba ta ɗagawa. Wata rana wani dattijo ya cika a hannunta, ta wanke hannu ta ce, "Na gaba." Ta lalubi zuciyarta, ba ta samu komai ba.

Wata Laraba a Faskari, wata tsohuwa daga Ruwan Godiya, Goggo Fatsuma, ta kawo ɗiyarta da zazzaɓi. Lidiya ta rubuta magani ta miƙa. Jim kaɗan Malam Nata'ala, dattijon da ke ba da magani, ya shigo da takardar, ya rage murya.

"Likita, wannan maganin ai mai ciki ba ta shan shi."

Sai a lokacin Lidiya ta dubi ɗiyar Goggo Fatsuma. Ciki ne wata bakwai, wanda ko daga nesa za a gani. Ta gyara takardar. Goggo Fatsuma ta ƙura mata ido ta ce, "Ɗiyata, yaushe rabonki da barci? Wallahi idonki ya fi na wadda na kawo nuna ciwo."

A hanyar komawa, kunya ta fara kama ta, daga baya kunyar ta juye ta zama fushi. Washegari ta rubuta wa ma'aikatar lafiya takarda, ta faɗi komai har da kuskurenta, ta aika.

Ranar Asabar da hantsi Likita Maharazu ya iso. Ta tare shi a baranda.

"Ranka ya daɗe, Litinin zan tafi gida kwana goma."

Ya yi dariya. "Kwana goma? Mu da muka koyi aiki, kwana uku muke yi a tsaye. Likita ba ya gajiya."

"Ku da kuka koyi aiki, akwai mai koya maku. Ni wa ke koya mani? Laraba saura ƙiris in kashe ɗa a cikin uwarsa, don ban iya ɗaga kai in dube ta ba."

"To wannan rauninki ne. Dama an ce aikin ba na mata ba ne."

"Wata takwas macen ce ke riƙe da asibitin nan."

Fuskarsa ta ɓaci. "Kin manta hannuna kike jira a takardarki?"

"Ban manta ba. Ka riƙe hannunka, ranka ya daɗe. Gara in rasa takarda da in binne mutum da ita. Na kuma rubuta wa ma'aikata, ga kwafin, don kada ka ji a bakin wani." Ta haɗa masa da jerin sunayen majinyata. "Akwai Lauratu daga Sheme a gado na huɗu, tana buƙatar aikin da ba ka taɓa nuna mani ba. Na gaya wa mijinta babban likita ya zo."

Ya juya, sai ga mijin tsaye a gindin darbejiya, ya cire hula yana gaisuwa. Likita Maharazu ya daɗe yana jujjuya makullin mota a yatsa, sannan ya sa shi a aljihu ya ce a dafa kayan tiyata.

Lidiya ta tafi Mabai ana yankan dawa. Kwana biyu ta yi tana barci, uwarta na korar masu zuwa gaisuwa da masu zuwa da ciwo. A rana ta uku ta bi mata gona, ta yi kuka a can inda ba mai tambayarta dalili.

Da ta koma, Likita Maharazu bai amsa gaisuwarta ba har mako biyu. Takardarta kuwa sai da ya ja mata rai wata uku bayan cikar shekara. Amma kafin nan ma'aikata ta turo likita na biyu, aka raba Faskari da Sabuwa tsakaninsu. Shi kuma Maharazu ya koma zuwa kowace Talata, yana tsayawa a bayanta a ɗakin tiyata yana faɗa, ita tana yanka.